Fankar da Ta Tsayar da Inna

Duk wanda ya zo Makera yana neman gidanmu ba ya shan wahala. Ya ce wa mai a-daidaita-sahu ya sauke shi a gidan fanka, za a kawo shi har ƙofa. Wani dogon bututun ƙarfe ne tsaye a kusurwar gabas ta tsakar gidanmu, ya zarce rufin kwano, an shafe shi da farin fenti, a samansa kuma fukafukai biyu na tsohuwar fankar silin. Ba ya ba da wuta, ba ya kamo tashar talabijin. In iska ta taso sai ya yi ta juyi yana ƙara kamar ƙofar da ta daɗe ba ta ga mai ba. Maigidana ya sha cewa a sauke shi, wai ya mai da mana gida kamar shagon 'yan gwangwan. Ni kuma na sha gaya masa, ranar da za a sauke ƙarfen nan a haɗa da akwatina. Ya san halina, sai ya bar maganar. Mummuna ne, ni ma na sani, kuma ba don kyau nake riƙe da shi ba.

Ni 'yar ƙauye ce daga can ƙasar Katsina, aure da aikin koyarwa suka kawo ni Kaduna. Ƙauyenmu a shimfiɗe yake, ba dutse ba tudu. In ka fita bayan gari ido zai yi ta tafiya har ya gaji, ba abin da ke tare shi sai gawo nan, rumbu can. Tun ina yarinya abin da ya fi komai tsawo a duniyata shi ne kukar da ke bakin gonar Baba. Daga nesa da ita ake gane garinmu, kuma duk lokacin da na je gida ita nake fara nema ta tagar mota.

Wata shekara na je babbar salla, na leƙa taga ina neman kuka, sai idona ya yi karo da wasu abubuwa dabam. Dogayen fararen ƙarafa ne jere a gabas da gari, kowanne da fukafukai biyu a ka, an ɗaure su da wayoyi zuwa ƙasa. Wasu na juyi a hankali, wasu a tsaye ƙiƙam. An ce iska suke kamawa su mai da ita wutar lantarki. Mutanen gari ba su wahalar da kansu da dogon suna ba, suka ce fankoki. Kukar kuwa tana nan, sai da na sake dubawa na gan ta, ta koma 'yar ƙarama a gefensu. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na tarar gari ya rabu a kansu. Tsofaffin dakalin masallaci suna cewa tun da aka kafa su ko fitowar rana ta canja, yanzu sai ta ratso ta tsakanin ƙarafa. Samari kuwa murna suke yi, ba angon da zai yarda a ɗauke shi hoto sai da fanka a bayansa. Ni na shiga sahun tsofaffi da ƙarfina. Na zauna a ƙofar ɗakin Inna ina ta zuba wa matar ƙanena, cewa an tsaga mana sama, an kawo mana baƙin da ba su san girman kowa ba. Inna, mahaifiyata, tana ciki tana ji. Ba ta ce uffan ba, ni kuma na ɗauka ta yarda da ni.

Shirun Inna a gabana ba sabon abu ba ne. Ni ce 'yar fari, kuma a wajenmu uwa tana jin kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zaman hira da shi, ba ta kallonsa ido cikin ido. Da aka yaye ni Goggo, yayar Baba, ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma. In Inna na son magana da ni sai ta ce "ke", in kuma maganata take yi da wasu sai ta ce "ta Kaduna". Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani. Duk kaka sai ta aiko ƙanena da daddawa da kuɓewa busasshiya, ta ce a kai wa yara, ko da ta san yaran ba su san yadda ake kaɗa miya ba. Haka muka saba, kuma ban taɓa jin ya dame ni ba sai da idonta ya lalace.

Bayan rasuwar Baba ne yanar ido ta fara rufe mata gani. Ba ta gaya wa kowa ba. Tana zuwa rijiya, tana zuwa gona, tana zuwa barka da gaisuwar mutuwa, duk ita kaɗai, don haka ba wanda ya lura. Asiri ya tonu ranar da ta tsaya a tsakar gida tana gaida turmin da aka yafa wa zane, har da tambayar mutan gida. Ƙanena ya kira ni a waya, rabi dariya rabi kuka. Muka yanke shawara a kawo ta Kaduna, tunda nan akwai asibitin ido. Da ƙyar ta yarda, don zama a gidan 'yar fari ba ƙaramin nauyi ba ne a wurinta.

Cikin zafin bazara aka kawo ta. Muka haye gadar kogin Kaduna zuwa asibiti, likita ya haska mata ido ya ce yana ce, aikin ba mai wuya ba ne. Amma jininta ya hau, dole sai ya sauka kafin a taɓa ta. Ya ba da magani, ya ce mu dawo bayan 'yan makonni. A bakin ƙofa ya ja ni gefe ya ce ido ɗaya ya riga ya rufe, ɗayan ma yana bin sawu, kada mu yi wasa da ranar dawowa. Na ce masa ai tana hannuna, ba inda za ta. Ban san da wa nake ba.

Gidanmu ba wani babba ba ne. Ɗakuna a jere, tsakar gida ta siminti, durom ɗin ruwa a tsakiya, bayi a can ƙarshe. Amma matar da ke zuwa gona ita kaɗai ta kasa ratsa wannan ɗan fili. Ta fito ƙofa, ta ɗaga kai sama, ta juya nan ta juya can, sai ta koma ta zauna a tabarma. Na miƙa mata hannu, ta cusa nata cikin zane. Yarana suna makarantar kwana, da jika ne da ta kama shi tana zaginsa suna tafiya. Maigidana kuwa suruki ne, shi ko tarinsa ta ji sai ta ja mayafi. Na ɗauko igiyar shanya na ɗaura daga ƙofarta zuwa bayi. Ta shafa igiyar, ta juya wajen bango ta ce, "Yanzu kuma akuya aka mai da mutum." Na kwance abata.

Sai na tafi makaranta take lallaɓawa ta bi bango. Na dawo wata rana na ga goshinta a kumbure, ta yi karo da durom. Wata rana kuma na same ta ta ta da salla tana kallon kudu. Na jira ta yi sallama, na juya mata dadduma ba tare da na ce komai ba. Ta daɗe zaune a kai, kanta a sunkuye. Daga ranar na lura kofin ruwan da nake ajiye mata da safe, haka nake tarar da shi cike da yamma. Ta daina shan ruwa don kada ta buƙaci bayi, don kada ta buƙaci hannuna. A cikin wannan zafi na Kaduna, ga maganin hawan jini, leɓɓanta har sun fara tsagewa.

Nan fa zuciya ta ɗebe ni. Na tsaya a kanta na yi ta faɗa, na ce wace irin kunya ce wannan da za ta kashe mutum, ni ba baƙuwa ba ce, daga cikinta na fito. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Ke, kira mini shi." Ƙanena take nufi. Na danna waya na sa mata a kunne, ta yi magana kamar ba na wurin.

"Ka zo ran Juma'a ka ɗauke ni. Can ina gani. Nan ba na gani."

Na san Inna. In ta koma, ba mai sake fito da ita, kuma ɗan hasken da ya rage zai tafi. Na shiga ɗaki na yi kuka na haushi, don a ganina taurin kai ne kawai. Idon da bai gani a Makera, ta yaya zai gani a ƙauye?

Katangarmu ɗaya da wasu mutanen kudancin jihar nan, Kiristoci, mata da miji. Matar kowa Maman Tagwaye yake ce mata, tana suyar ƙosai da doya a bakin layi. Mijin mai walda ne, shagonsa na bakin titi. Mun daɗe tare. Lokutan da gari ya rikice mutane suka yi ta kwashe kaya, Musulmi su haye gada, Kiristoci su gangara Sabon Tasha, su ba su tashi ba, mu ma ba mu tashi ba. Tun da aka kawo Inna, kullum in ta tashi daga suya sai ta shigo gaishe ta. Abin haushi, Inna da ba ta haɗa kalma biyar da ni, da ita sai hira har da tafawa. Na ji kishi, ba zan ɓoye ba.

Washegarin kiran wayar ta shigo da la'asar. Ina zaune a ƙofar kicin ina tsintar shinkafa, Inna ta san ina wurin. Maman Tagwaye ta ɗaga kofin ta ga yana cike.

"Haba Mama, wannan zafi ba na wasa ba ne fa. Ki sha ruwa mana. Kuma Malama ta ce wai gida za ki koma. To ido fa?"

"Can ina da masu yi mini jagora," in ji Inna.

"Jikoki?"

"A'a. Fankoki."

Maman Tagwaye ba ta taɓa ganinsu ba, sai da Inna ta kwatanta mata. Sannan ta ci gaba, a hankali, da muryar da ta tabbata za ta kai ƙofar kicin.

"Tun da abin nan ya sauko mini, kamar an zuba mini koko a ido. Mutum da bango da bishiya duk ɗaya ne. Amma su ina ganinsu. Dogaye ne, a sama suke inda ba abin da ya tare su, rana na bugunsu suna ƙyalli. Masu juyin ma kamar hannu suke ɗaga mini. In na fito ƙofa na ɗaga kai na same su, shi ke nan, na san inda nake. In rijiya za ni, in sa su a hannun dama. In gona ce, in sa su a gaba. In zan dawo in ba su baya har ƙafata ta taɓa dakalin masallaci. Ko salla a gona ba na tambayar kowa gabas. Nan kuwa in na ɗaga kai, ba komai. Kamar an jefa ni a rijiya."

Hannuna ya tsaya a cikin shinkafa. Shekara da shekaru ina zagin ƙarafan nan a ƙofar ɗakinta, ashe su ke kai ta rijiya.

"Wasu dai sun ce sun ɓata gari," in ji Inna, ta ɗan ƙara murya. "Masu ido ke nan. Su suke da sukunin zaɓen abin kallo."

Na ce wa shinkafata, "Ai har gobe munana ne."

"Kin ji ko," in ji Inna, tana nuna wa Maman Tagwaye inda take zaton nake. Ta nuna durom.

Maman Tagwaye ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ɗaga kai tana kallon sama ta kan rufinmu. Ta tashi ta fita ba sallama. Kafin magariba sai ga ta da mijinta, ɗan gajeren dattijo, baƙin tabaraun walda a goshi, rigar duk ta huje da tartsatsi. Ya durƙusa ya gaida Inna, sannan ya juyo wurina.

"Malama, wannan fanka na garinku, hannu nawa gare shi?"

Na ce biyu.

"To. Ina da paip na tsohon bohol, da wani fanka da koyil ɗinsa ya ƙone. Zan cire hannu ɗaya. Amma ki nuna mini gabas ɗinku na salla daidai. Kar in je in kafa abu a karkace in juya wa tsohuwa salla, Allah ya tambaye ni."

Na nuna masa kusurwar. Da na buɗe baki zan yi maganar kuɗin aiki, matarsa ta watso mini harara, na haɗiye sauran.

Washegari ya kawo abin a kafaɗa, fentin ko bushewa bai gama yi ba. Ya haƙa rami, ya kafa, ya zuba siminti. Muka fito da Inna ƙofa. Ta ɗaga kai, ta daɗe tana nema, ta girgiza kai. Ashe bayan ƙarfen akwai farin bangon benen wani Alhaji da ke layin baya, fari ya haɗu da fari ya ɓace mata. Fukafukan ma ko motsi ba su yi ba, don a miƙe suke, iska ba ta da inda za ta kama. Inna ta ce, "Allah ya saka da alheri, an dai wahala." Ta koma ciki ta fara ninke zannuwanta tana sa wa a jaka.

Ni na riga na sare. Shi kuwa mai walda ya tsaya yana sosa ƙeya, yana kallon benen Alhaji kamar shi ya yi masa laifi. Ya tumɓuke ƙarfen tun siminti bai kama ba, ya mai da shi shago. Ranar bai karɓi aikin kowa ba. Ya jona wani bututun a kai, ya murɗa fukafukan, ya zuba wa wuyan mai. Ran Alhamis da yamma shi da wasu maƙwabta suka ɗaga shi da igiyoyi, ya tashi ya wuce rufinmu, ya wuce benen ma. Ana cikin haka maigidana ya dawo daga kasuwa, ya tsaya a zaure baki buɗe, ya ce, "Wannan kuma fa? Gidan rediyo za mu buɗe?" Ba wanda ya kula shi. Rana ta riga ta faɗi, Inna ta ce ba ta ganin komai a irin wannan lokaci, sai da safe.

Ran Juma'a muka tashi da hadari a gabas, na farkon damina, baƙi ƙirin, ga iska mai sanyi tana kaɗawa. Ina shara na ji motsin labule. Inna ce ta fito da buta a hannu. Ta tsaya, ta ɗaga kai kamar yadda ta saba. Farin ƙarfen nan ya fito fes a jikin baƙin hadari, fukafukan na juyi suna ƙara. Na riƙe tsintsiya, na riƙe numfashi.

"Gajeruwa ce," in ji ta.

Ta ƙara kallo.

"Amma ta yi."

Ta sa shi a hannun hagu, ta taka. Ta wuce durom da kamu guda, ta nufi bayi kai tsaye kamar a gidan aka haife ta. Ta fito ta yi alwala, ta dawo, ta shimfiɗa dadduma da kanta, daidai. Da ta idar ta zauna ta ce, ba tare da ta juyo ba, "A ba mutum ruwa." Na kawo, ta shanye, ta miƙo kofin aka ƙara. Ban taɓa jin daɗin ganin mutum na shan ruwa kamar ranar ba. Ta kan katanga na hango kan Maman Tagwaye, ta hau benci tana leƙe, tana share ido da bakin zane.

Da hantsi ƙanena ya iso, ya sha hanya, ya yi gumi. Inna ta amsa gaisuwarsa ta ce, "Kai kuma wa ya ce ka baro gona ga shuka ta zo?" Ya kalle ni, na ɗauke kai. Ya ci tuwo, ya yi Juma'a, ya koma shi kaɗai.

Daga nan Inna ta zama 'yar gari. Tunda ana hango ƙarfen daga layi, sai ta fara fita. Ta ba shi baya ta je wurin suyar Maman Tagwaye, ta zauna a benci tana yi wa masu sayen ƙosai tambayar daga ina suke, ɗan wane ne, me ya hana su aure. In ta gaji ta ɗaga kai ta nemo abinta ta dawo. A lokacin ne sunan gidan fanka ya bi mu. Wasu a layin suka fara gunaguni, wai abin ya ɓata unguwa, wai ƙararsa na hana barcin rana. Wata ta tare ni a bakin famfo da maganar, na wanke ta tas. Sai da na dawo gida na tuna ni ce dai mai zagin na ƙauye, na yi wa kaina dariya.

Jini ya sauka, ranar aiki ta zo. Muka sake haye gada, Maman Tagwaye ta bar suyarta ta biyo mu. Ita ta riƙe hannun Inna daga mota har gadon asibiti, ni ina biye da jaka da filas. Na ji zafin abin a raina, na kuma gode mata a raina, duk a lokaci guda. Washegari aka cire bandeji. Inna ta ƙifta ido, ta kalli likita, ta kalli taga, ta kalli Maman Tagwaye ta ce, "Ashe yarinya ce ke, nake ta ba ki girma." Ni ba ta juyo wajena ba. Amma muna fita na ji tana ce mata ƙasa-ƙasa, "Wasu sun yi furfura ba su gaya wa kowa ba." Na gyara ɗankwalina.

Da muka iso gida ta tsaya a tsakar gida ta ga fankarta a karon farko. Bututu a ɗan karkace, tabon walda a tsakiya kamar ƙulli, fenti ya zuba ya bushe, fiffike ɗaya ya fi ɗaya lanƙwasa. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, na ce ta bi a hankali saboda ɗinki. Ba ta ko zauna ba ta ce a kai ta shagon mai walda. Yana ganinta ya kashe wuta da sauri don kada hasken ya taɓa mata ido. Ta tsaya ta yi ta sa masa albarka, shi da matarsa da tagwayensu da zuriyar da ba a haifa ba, ta roƙi Allah kada ya nuna masa duhu duniya da lahira. Dattijon nan ya cire tabarau daga goshi ya riƙe a hannu biyu, yana ta cewa, "Amin, Mama. Amin." Har yau in na wuce shagon sai na tsaya na gaishe shi, kuma har yau ina jin ban biya ba.

Damina ta yi nisa lokacin da likita ya sallame ta, ya ce ɗaya idon sai bayan kaka. Ni na raka ta gida. Da la'asar, bayan 'yan barka sun ragu, ta yafa mayafi ta ce wa matar ƙanena, "Zan leƙa gona. In wasu na so, su zo." Na sa takalmi na bi ta.

Gero ya kai gwiwa, ko'ina kore shar. Muka tsaya a gindin kukar Baba. Ga fankokin nan a gabanmu, jere har inda ido ya tsaya, farare tas bayan wankin ruwan sama, wasu na juyi, inuwar fukafukansu na sharar gonakin mutane tana dawowa. Inna ta daɗe tana kallo. Ta bi ɗaya da ido daga ƙasa har sama, sai da mayafinta ya zame. Sannan ta juya ta kalli kukar, ta dafa ta.

"Ashe haka suke da yawa," in ji ta. "Ashe haka suka yi wa kukar nan."

Ta sake ɗaga kai, ta ci gaba.

"An yi gaskiya. Sun cika ido. Sun cinye mana sama." Ta ɗan tsaya. "Amma ba da bakina ba. Sun kai ni rijiya, sun dawo da ni."

Na ce to. Ni ma tun daga ranar ban sake zaginsu a fili ba, ko da yake in na leƙa tagar mota har yanzu kuka nake fara nema.

Muka juyo. Inda hanyar gona ta rabu da ta rijiya sai ta ja ta tsaya. Hanyar da ta yi shekaru tana bi ba ido ke nan. Ta kalli ƙasa, ta kalli gefe, ta ce, "Hanyar nan ta rikice mini. Da ba na ganin ramuka da ƙaya, yanzu duk ga su nan." Sai ta fito da hannu daga cikin mayafi ta miƙo gefena, fuskarta na kallon wani wuri dabam.

Na san ba gaskiya ba ne. Matar da ɗazu ta hango tsakuwa a cikin gero tun daga ƙofar ɗaki ba rami ne zai gagare ta ba. Na kama hannun. Ba nauyi, tafin duk kanta, da ɗumi. Tun da na yi wayo ban taɓa riƙe hannun uwata ba sai ran nan, ina da furfura a ka. Ban yarda na yi magana ba don kada ta janye. Muka taho a hankali, fankoki a bayanmu, ita na nuna mini ramin da zan kauce wa.

Muna hango dakalin masallaci da tsofaffi a kai ta zare hannunta, ta gyara mayafi, ta wuce gaba kamar ba tare muke ba. Da na shiga gida na tarar har ta zauna a tabarmarta. Ta ce wa matar ƙanena, "A ba ta Kaduna ruwa. Ta sha tafiya."